Ƙwallon Dabinon da Na Ɓoye a Kumatu

Jiya bayan la'asar ina tsugune a bakin rijiya ina wanke shinkafar masa. Ruwan ya yi fari a cikin roba, ƙamshin ɗanyar shinkafa ya taso mini, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar an kama ni da hannu a cikin tukunya. Shekara uku ke nan da faruwar abin, amma duk ranar da na jiƙa shinkafa sai kunyar ta dawo sabuwa fil.

Azumin bana ai hutu ne. Da safe akwai ɗan sanyi, rijiyarmu da ruwa, mutum zai iya kaiwa azahar bai fara mafarkin kankana ba. Wancan kuwa a ƙarshen Maris ya kama, daidai lokacin da garin Bauchi ke komawa kaskon suya. Duwatsun da suka kewaye gari su sha rana tun safe, da yamma su juyo mana da ita. Ƙadangarun gidanmu sun daina gyaɗa kai don ba su da ƙarfin yi. Na taɓa ganin kazarmu ta tsaya a tsakar gida baki buɗe, tana kallon randa kamar za ta roƙi a ɗebo mata a moɗa. Rijiyarmu ta nan Ƙofar Ran ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya sau biyu, daga ƙarshe ma laka yake hawowa da ita. Wuta kuwa idan aka kawo, kafin ka gama murna an ɗauke.

Kwanakin duk kama ɗaya suke. Da hantsi ni da ƙannena mu bi layin famfon unguwa da jarkoki, mu dawo wuya a sage. Da azahar kowa ya jiƙa zani ya shimfiɗa a siminti ya kwanta a kai kamar kifin da aka shanya. Umma ta naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu, domin ƙanƙara ta zama sai mai rabo. Daga nan a surfa wake, in kai niƙa, in dawo in tace tsamiya. La'asar na yi Umma ta ɗora kasko, ƙamshin ƙosai ya yi ta azabtar da mu har magariba. Abba direban babbar mota ne, kusan duk azumin yana hanyar kudu. Yaya Nura yana makaranta a wani gari. Gidan ya rage daga mu sai Inna, mahaifiyar Abba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke kirana Ummi, ita kuma ta ce takwara.

Inna tana da wani ƙaramin kwano mai murfi, fentinsa duk ya ɓare. A ɗakinta take shan ruwa da dabino, ta jefa ƙwallon a kwanon, ta yi sallah, sannan ta fito tsakar gida. Ƙwallo ɗaya, azumi ɗaya. Idanunta sun yi rauni, ba ta ganin wata, kunnen ma sai an ɗaga murya, amma kwanon bai taɓa yi mata ƙarya ba. Matan maƙwabta idan lissafi ya rikice musu, cewa suke a je a tambayo kwanon Inna.

Ba don wasa take wannan ƙirgar ba. Kakanmu ranar sha bakwai ga azumi ya rasu, tun ba a haife ni ba. Tun daga lokacin, duk ranar sha bakwai sai ta yi sadakar masa da miyar taushe da hannunta, aminin marigayi kuma, Malam Buba, ya taso daga Tirwun da ƙwaryar nono, ya sha ruwa a zaurenmu, ya yi wa abokinsa addu'a. Ba a aika a tuna masa. Shi ya san ranar, ita ta san ranar, kuma ba su taɓa saɓawa ba. Shinkafar ma tun kafin azumi take tara ta, ɗan hannu ɗan hannu daga abin da ake auna mata, a wani tulu a ƙarƙashin gado. A shekarar da shinkafa ke wahalar gani a kwanon kowa, tulun nan ya kusa cika.

Ni kuma a lokacin shekarata sha huɗu, kaina ya kumbura. Yaya Nura ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa da wata waya da ta girmi autanmu, ya kuma ɗan koya mini rubuta manhaja da harshen Java a hutun da ya wuce. Tun ranar da na sa waya ta rubuta sunana da manyan baƙaƙe na ɗauka saura kaɗan in harba kumbo sararin sama. Ana saura kwana uku azumi na ce zan yi wa gidanmu manhajar da za ta riƙa faɗin yau azumi nawa. Na gwada sababbin kayan lissafin kwanan wata da ake koyarwa yanzu, wayar ta ƙi su ƙememe. Na kira Yaya Nura, ya ce wayar ta tsufa, sai dai in bi tsohon tsarin kalanda na harshen, wanda aka yi tun ba a haife mu ba. Ya fara cewa in yi hankali da watanni, akwai wani abu game da su, sai na ce na sani, na kashe. Cajina saura kaɗan ne, kuma ni ba na son a koya mini abu sau biyu. Gaskiya ko sau ɗaya ma ba na so.

Lissafin ba wuya. Na ba manhajar ranar da aka ɗauki azumi da ranar yau, kowace da lambar watanta yadda aka koya mana a firamare, Maris uku, Afrilu huɗu, ita kuma ta ƙirga tsakaninsu. Ranar farko ta nuna ɗaya da koren rubutu. Na zaga gida da waya a sama kamar na ciyo kofi. Na ce wa Inna kwanonta ya yi ritaya, a kai shi gidan tarihi a rufe shi da gilashi. Ta ce kwanonta dai bai taɓa bin maƙwabta yana roƙon caji ba. Kwana tara muna tafiya kai ɗaya, ni da kwano, kullum kuma sai na leƙa ɗakinta na tambaye ta ko tsohon ma'aikacin nata yana nan da rai.

Ranar da Maris ya ƙare waya ta nuna tara. Washegari da na duba, tara ta sake nunawa. Na kashe na kunna, tara. Zuciyata ta ce akwai matsala, na ce mata ƙila jiya yunwa ce ta sa na ga takwas kamar tara. Bayan an sha ruwa muna zaune a tabarma, Umma ta ce Alhamdulillahi, goman farko ta tafi, ta ji a rediyon maƙwabta. Na ce tara ne. Ta ce goma. Na ce masu rediyo da waɗanda suka riga mu ɗauka suke lissafi, na jero bayanan da ni kaina ban san inda na samo su ba. Inna ta gaji da hayaniyarmu, ta ce in shiga ɗaki in ɗauko kwano.

A ɗakin na buɗe murfin na ƙirga da hasken waya. Goma. Na sake ƙirgawa, goma. Daga ƙofar ɗakin Inna zuwa tabarma taku bakwai ne, na sha auna shi daga baya. Rigata ba aljihu, hannu ɗaya kwano, ɗaya waya. Sai na ɗauki ƙwallo ɗaya na jefa a baki, na tura shi kumatu.

Inna ta juye ƙwallayen a zaninta, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta kai tara ta tsaya, ta shafa zanin ko wani ya maƙale a ninki.

"Tara ne," ta ce.

Umma ta ce to ƙila ita ce ba ta ji daidai ba, tunda kwano ya faɗa ai magana ta ƙare. Ko mutum ɗaya bai kalli wayata ba. Ni da na saba taka rawa idan na ci musu, sai na gyaɗa kai kawai na tashi, da ƙwallon da wata ta tsotse a kumatuna. Na cusa shi a bayan rigar waya. Na ce gobe zan gyara manhajar, in mayar da shi, ba wanda zai sani.

Gobe ba wuta. Jibi ba wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take tashi. Ranar da aka kawo na zauna na zuba wa rubutuna ido, ban ga kuskure ba. Manhajar kuma ta ci gaba da ƙirga abinta lafiya, goma, sha ɗaya, sha biyu, har na fara yarda da ƙaryata. Rediyo na iya kuskure. Inna na iya jefa biyu a rana ɗaya. A tsakiyar azumi ba mai damuwa da lamba, kowa ta ruwa yake yi. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta ce yau sha huɗu, Umma ta ce kwano ya ce sha uku, matar ta ce to, ta gyara nata lissafin ta tafi.

Ranar da gidanmu ke kira sha shida, hadari ya haɗu a gabas tun azahar, baƙi ƙirin, ya tsaya yana yi mana kwalele. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Inna ta sa na jawo tulun shinkafarta, ta zauna ta tsince ta da yatsu, muka wanke da ruwan da muka sha wuyar ɗebowa, muka jiƙa. Masa ba ta son gaggawa. A jiƙa yau, a niƙa da yamma, ƙullu ya kwana ya tashi, gobe a soya. Kabewar miya na jingine a bango, ko fasa ta ba a yi ba. La'asar sakaliya muka ji keke ya tsaya a ƙofar gida, sai sallama a zaure.

Ni aka aika. Malam Buba ne da sandarsa, da ƙwaryar nono rufe da faifai, da wasu dattawa biyu da ya gayyato su taya shi addu'a. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, rigarsa ta manne a bayansa. Ya ce mini jikar aminina, tun daga bakin titi yake baza hanci bai ji ƙamshi ba, ko bana ɓoye tanda aka yi don kar ya cinye?

Inna ta lallaɓo har bakin zaure, suka gaisa ta bayan labule. Ta tambaye shi ko lafiya ya zo yau. Ya ce ai yau sha bakwai. Ta ce sha shida dai. Ya ce Hajiya, jiya sai da aka idar da isha sannan wata ya leƙo. Ɗaya dattijon ya ce ko a wurin tafsiri yau sha bakwai aka ce.

Ina tsaye kusa da Inna, ina jin numfashinta. Can ta yi magana a hankali.

"Tsufa ne, Malam. Ƙwallaye sha bakwai na kasa ƙirgawa. Ku yafe mini."

Wayar tana hannuna, ina jin tudun ƙwallon a tafina. Bakina da ba ya rufuwa a aji, ba ya rufuwa a gidan gaisuwa, ranar ya rufu.

Abin da muka fitar musu shi ne ƙosan gidan gaba ɗaya, da kunun tsamiyar da aka ƙara wa ruwa don ya kai, da nonon da shi Malam Buba ya kawo, Umma ta dama da ragowar fura. Muka tarbi baƙo da tsarabarsa. Mu yara muka sha gari. Dattawan suka ci, suka yi doguwar addu'a, Malam Buba na ta cewa ba komai, ƙosai ma ya fi wa haƙoransa sauƙi. Inna ba ta ci komai ba sai dabino ɗaya, ƙwallon ma ba ta jefa a kwano ba. Hadarin nan kuwa ya watse ko ɗigo bai sauke ba.

Washegari da hantsi, ƙullu ya tashi yana kumfa a roba, Inna ta kira Umma ta miƙa mata kwanon. Ta ce a wanke shi a riƙa zuba gishiri, tunda kanta ya fara tafiya, gara a sani tun da wuri. Ta ce shekaranjiya ta sa gishiri a shayi maimakon sukari, ashe tun lokacin abin ya fara. Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin wata, ba kuka ba komai. Umma ta karɓa, ta juyo ta yi mini wani dogon kallo, don ta tuna waya ma tara ta ce.

Na ɓare rigar waya. Ƙwallon ya faɗo ya gangara a siminti, a kunnena kamar an yar da tanda. Na faɗi komai, daga tara biyu har shiga ɗaki.

Umma ta miƙe tana neman abin duka, Inna ta ce ta zauna, azumi take yi. Ta laluba ta ɗauki ƙwallon, ta juya shi a yatsunta.

"A ina kika sa shi, daga ɗaki zuwa tabarma?"

"A baki, Inna."

"Shi ya sa. Na yi ta mamaki ranar. Tun da aka haife ki ban taɓa jin kin ci musu kin yi shiru ba." Ta ɗan dakata. "Takwara, kina tsaye na ce wa aminin mijina na rikice."

Da duka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira Yaya Nura ina jan hanci ina karanta masa abin da na rubuta. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce abin da ya so faɗa mini ke nan na kashe waya. A tsohon tsarin nan daga sifili ake ƙirga watanni, Janairu sifili, Fabrairu ɗaya, Maris biyu. Da na rubuta uku, ita Afrilu ta ji. Duk lissafina wata guda yake gaba, ban gane ba saboda ranar farawa da ranar yau tare suka matsa. Amma Afrilu kwana talatin ne, Maris talatin da ɗaya. Da ranar talatin da ɗaya ta zo ba ta sami wurin zama ba, tsohon tsarin kuma ba ya musu, sai ya tura ta ɗaya ga watan gaba bai ce uffan ba. Washegari ainihin ɗaya ga wata ta zo ta tarar da ita, suka zauna a kujera ɗaya. Kwana biyu suka koma ɗaya. Ya ce gyaran duka a rage ɗaya ne daga lambar wata. Ni ma ai ɗaya na rage, sai dai ba a inda ya kamata ba.

Ranar aka soya masar, ta yi kyau kamar ba ta makara ba, gefenta ja, cikinta fari. Inna ta cika kwano, ta zuba miya a wani, ta ce in kai Tirwun, kuma in faɗa wa Malam Buba da bakina. Na shiga keke rana na dukan kwalta, kwanon na ƙona mini cinya, ƙamshin na ƙona mini ciki. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran igiya. Na durƙusa na ba shi labari kaina a ƙasa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in miƙo wayar ya gani, ya riƙe ta a juye yana tambaya ko wannan 'yar abar ce ta haɗiye kwana guda. Sannan ya daina dariya.

"Je ki ce wa Hajiya kanta lafiya lau yake. Wannan labarin ya fi mini abin da kika ɗauko."

Ya ce baɗi kason mutum biyu zai ci, in shirya. Bai kai baɗin ba, a ƙarshen damina ya rasu. Cinsa na ƙarshe a zaurenmu, bayan duk shekarun nan, ƙosai ne da tsinkakken kunu da nonon shanunsa. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a gidan. Ni nake faɗa wa kaina, musamman idan ina wanke shinkafa.

Yanzu ina da wata wayar, wadda ke karɓar sabon tsarin da ke kiran Maris da sunansa, ya kuma yi ƙara idan aka ba shi ranar da babu ita. Na sake rubuta manhajar, na gwada ta a ƙarshen kowane wata, ba ta kuskure. Ba wanda ke tambayarta. Kwanon bai ga gishiri ba, yana nan a inda yake. Ƙwallon dai Inna ta ce ba zai koma ciki ba, in riƙe abina, kuma yana bayan rigar wayata har yau. Ɗan Malam Buba ne ke kawo nono yanzu, gobe muna sa ran zuwansa. A'a, yau. Na duba.

Jiya da na gama jiƙa shinkafar aka kira sallah, aka sha ruwa, Inna ta fito ta zauna a tabarma ta ce in ɗauko kwano. Na yi takun nan bakwai, na ajiye a gabanta. Ƙannena suka matso, don sun san abin da zai biyo baya. Ba ta taɓa murfin ba tukuna.

"Buɗe bakinki, takwara."

Na durƙusa na buɗe. Ta kama haɓata, ta latsa kumatun dama, ta latsa na hagu, sannan ta juye ƙwallayen a zaninta ta fara ƙirga.